Wa Ya Tambayi Jibiya?

Akwai wata magana da 'yan siyasarmu suka mayar kamar carbi, suna ja a duk taron da aka miƙa musu abin magana: wai Nijeriya ta haura shekara 25 a kan turbar dimokuraɗiyya ba tare da tuntuɓe ba. In ka nemi hujja, sai su nuna maka kalanda. An yi babban zaɓe a 1999, an yi a 2003, 2007, 2011, 2015, 2019 da 2023. Sau bakwai ke nan aka fito da akwati, aka yi layi a rana, aka dangwala. A wajensu magana ta ƙare a nan. Ni kuwa a wajena nan ta fara, kuma ina roƙon duk mai wannan ra'ayi ya hau mota daga Katsina, ya bi titin da ya nufi Maraɗi, ya sauka a Magamar Jibiya, inda shingen Nijeriya ke kallon hanyar Ɗan Isa. In ya zauna yini guda ya saurari direbobi da 'yan dako da masu canjin sefa, zai gane cewa kalanda ba ta isa shaida ba.

A watan Fabrairun 2019 mutanen Jihar Katsina suka ba Shugaba Muhammadu Buhari ƙuri'a sama da miliyan 1.2. Ɗansu ne, kuma sun nuna masa ƙauna iyakar ƙauna. Wata shida bayan haka, a Agustan 2019, aka wayi gari da umarnin rufe dukkan iyakokin Nijeriya na tudu. A watan Nuwamba aka ƙara da hana kai fetur duk wani gidan mai da ke tsakanin kilomita 20 da kan iyaka, dokar da ta faɗo daidai kan Jibiya da ƙauyukanta. Da aka tashi sassautawa a Disambar 2020, Seme da Illela da Maigatari da Mfum aka buɗe. Jibiya sai da ta jira har Afrilun 2022. Shekara biyu da wata takwas garin da abincinsa ke kan hanya yana zaune da ƙofa a garƙame.

Gwamnati tana da dalilanta, kuma ba zan ce duka na banza ba ne. Shinkafar waje tana kwararowa ta Kwatano da Maraɗi tana karya manomin gida, ana fitar da man da aka sa wa tallafi a jarkoki, makamai ma suna bin hanyoyin daji. Mai yiwuwa da an zauna an yi muhawara, wasu mutanen Jibiya da kansu za su goyi bayan wani ɓangare na matakin. Sai dai ba a zauna ba. Ba a kai maganar gaban Majalisar Tarayya don wakilai su kaɗa ƙuri'a a kanta ba, ba a kira masu motocin haya ko dillalan hatsi da na dabbobi an ji ta bakinsu ba, ba a faɗi ranar buɗewa ba, ba a kuma tanadi komai ga mutumin da aka datse wa hanyar abinci ba. Mai fasa-ƙwauri na gaske, wanda ya san jami'i kuma ya san daji, bai rasa hanya ba. Farashinsa ne kawai ya tashi. Wanda ya ji a jikinsa shi ne yaron da ke tura baro, da matar da ke sayar da tuwo a tasha, da manomin da gonarsa ke wancan ɓangaren layi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk waɗannan mutane suna da katin zaɓe a aljihu, kuma wata shida kacal da yin amfani da shi.

A nan ne nake ganin kuskuren masu bautar akwati. Bahaushe ya san bambancin ɗaurin aure da zaman aure. Ranar ɗaurin aure waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, shaidu sun ji sadaki, an raba goro, an shafa fatiha. In babu wannan rana, zaman da za a yi ba halal ba ne, kuma ba wanda ke gardama a kan haka. Amma in aka kai yarinya aka kulle ta a ɗaki, babu ci babu sutura, ba a shawara da ita, in ta yi kuka a ce ta yi rashin kunya, in ta nufi gidan alƙali a tare ta a hanya, ba mai hankalin da zai ce aurenta lafiya lau don kawai an yi taro a ƙofar gidan ubanta. Shari'a ta ba ta haƙƙi a kowace rana ta zaman, ta kuma ba ta ƙofar da za ta kai ƙara. Zaɓe shi ne ɗaurin auren. Kwana 1,460 da ke tsakanin wannan zaɓe da na gaba su ne zaman, kuma a cikinsu ne ake gane ko jama'a ce ke mulki ko ana mulkinta ne da sunanta.

Zaɓe a kan kansa ma ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun kafin Bature ya zo, Katsina tana da masu zaɓen sarki: Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi. Ba wanda ya taɓa kiran wannan tsari mulkin jama'a, domin talaka ba ya cikin masu zaɓen, ba shi kuma da ikon tuhumar wanda aka zaɓa. Abin da Malam Aminu Kano da 'yan NEPU suka sha ɗauri da bulala a kansa tun daga 1950, abin da Hajiya Gambo Sawaba ta yi ta shiga kurkuku dominsa har matan Arewa suka samu ƙuri'a a 1976, shi ne talaka ya samu bakin magana a kan haraji da kotu da gona da kasuwa. Ƙuri'a makami ce da suka nema don wannan yaƙi. Mu ne muka rataye makamin a bango muna yi masa biki duk shekara huɗu.

Mu leƙa ɗaya gefen shingen, domin Jibiya tana da wata baiwa da Abuja ba ta da ita: tana kallon ƙasa biyu a lokaci guda. Mutanen Maraɗi Katsinawa ne. Zuriyar sarakunan da jihadi ya tayar daga birnin Katsina ce ta kafa sarautar can, shi ya sa har yau ake ce wa sarkinsu Sarkin Katsina. Layin da ya raba mu Ingila da Faransa ne suka shata shi a takarda, ba tare da sun tambayi kowa ba. (In an lura, rashin tambayar mutanen wannan yanki tsohuwar al'ada ce, masu yi ne kawai ke sauyawa.) Nijar ta yi zaɓuka iri-iri. Diori Hamani ya yi ta lashe zaɓe ba abokin takara bayan an haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary. A 1996 Janar Ibrahim Bare Mainasara ya rushe hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙirga ƙuri'a, ya naɗa wata, ta ce shi ya ci. A 2009 Tandja Mamadou, wanda jama'a suka zaɓa sau biyu, ya rushe majalisa da kotun tsarin mulki don sun hana shi tazarce, sannan ya kira ƙuri'ar raba gardama ya samu abin da yake so. Kalmar tazarce ɗin ma daga wajenmu ta tsallaka, tun lokacin da jam'iyyu biyar suka taru a 1998 suka tsayar da Janar Sani Abacha shi kaɗai. A duk waɗannan wurare an fito da akwati, an yi layi, an dangwala.

Sai zaɓen Mohamed Bazoum a Fabrairun 2021, wanda duniya ta yi wa guɗa domin shi ne karo na farko da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba mulki a Nijar. Nasara ce, ban musa ba. Amma a ƙarƙashin wannan zaɓaɓɓen tsari ne aka kama jagororin ƙungiyoyin farar hula, ciki har da Moussa Tchangari, a 2018 don sun kira zanga-zanga kan dokar kasafin kuɗi. A ƙarƙashinsa ne aka tsare 'yar jarida Samira Sabou a 2020 bayan ta yi rubutu kan badaƙalar sayen makamai a ma'aikatar tsaro. A ƙarƙashinsa ne aka yi ta hana tarukan ƙungiyar M62, aka kuma ɗaure shugabanta a 2023. Saboda haka da Janar Abdourahamane Tchiani ya tsare shugaban da aka ɗora masa nauyin tsarewa ranar 26 ga Yulin 2023, cikin 'yan kwanaki dubban matasa suka cika titunan Yamai suna tafi. Wasu sun ce an saye su, wasu sun ce Rasha ce ta zuga su. Ko da akwai ƙamshin gaskiya a ciki, mutum ba ya tsayawa yana tafi a lokacin da ake rushe gidan da yake ganin nasa ne. Tsarin da bai taɓa jin kukansu ba ne ya faɗi, shi ya sa ba su zubar masa da hawaye ba.

Abin da ya biyo baya shi ya fi komai tona asirin masu cewa zaɓe shi ne komai. Ranar 30 ga Yuli shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja ƙarƙashin jagorancin Shugaba Bola Tinubu, suka ƙaƙaba takunkumi, suka rufe iyaka, suka ba sojoji mako guda ko a far musu da yaƙi. Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da Nijar ta dogara da ita. Jibiya, wadda ba ta cika wata goma sha shida da buɗewa ba, aka sake garƙame ta har Maris 2024. Manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin shinge, kayan gwari suka ruɓe a ciki, marasa lafiyar da ke tsallakowa neman magani suka rasa hanya. An yi wannan ne da sunan kare dimokuraɗiyya, kuma a wannan karon ma ba a tambayi waɗanda za su biya farashin ba. Ita wannan ƙungiya kuwa ba ta rufe iyakar kowa ba a 2020 lokacin da Alpha Conde a Gini da Alassane Ouattara a Kodebuwa suka zarce wa'adi na uku bayan sauya tsarin mulki. Ma'auninta a bayyane yake: wanda ya ƙwace mulki da bindiga ɓarawo ne, wanda ya ƙwace da takarda abokin zama ne, muddin dai ya fito da akwati.

A cikin wannan duhu akwai haske guda da ya kamata a faɗa. Ranar 5 ga Agustan 2023 Majalisar Dattawan Nijeriya ta ƙi amincewa da batun tura sojoji, ta ce a bi hanyar sulhu. Malamai suka yi magana a kan mumbari, sarakuna suka yi magana, gidajen rediyo suka cika da muryoyin mutanen Sakkwato da Katsina da Jigawa da Yobe suna cewa ba za su yarda a jefa bam a kan 'yan'uwansu ba. Yaƙin bai auku ba. A ranar ba a yi zaɓe ba, ba a fito da akwati ba, amma ban san wata rana a cikin waɗannan shekaru da mutumin bakin iyaka ya fi kusa da ɗanɗana mulkin jama'a kamar ranar nan ba: ya yi magana, wakilinsa ya ji tsoronsa, shugaba ya ja da baya.

Na san akwai waɗanda ke jiran in kai nan su ce, to ai ka faɗi da bakinka, gara soja. Su ma ina da magana da su, kuma ba mai daɗi ba ce. Samira Sabou da aka tsare a zamanin farar hula, sojoji sun sake kama ta a ƙarshen Satumbar 2023. Moussa Tchangari da aka ɗaure a 2018, an sake ɗauke shi daga gidansa a Disambar 2024. A Maris 2025 aka rushe dukkan jam'iyyun siyasa, aka rantsar da Janar Tchiani na shekara biyar ba tare da ko mutum ɗaya ya jefa ƙuri'a ba, kuma har ranar da nake wannan rubutu Bazoum yana tsare ba a gurfanar da shi gaban alƙali ba. Wanda ya yi tafi a 2023, in yau ya sauya ra'ayi, ina zai kai kukansa? An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mutumin Jibiya kuwa, duk da halin da yake ciki, yana da abin da ɗan'uwansa na Ɗan Isa ya rasa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, jam'iyyar da ta samu ƙuri'a sama da miliyan 1.2 a Katsina shekara huɗu kafin nan ta kasa kai 500,000, har ta sha kaye a jihar da ɗan ƙaramin rinjaye. Wannan bulala ce, kuma ta shiga. Matsalarta ita ce sau ɗaya ake ɗaga ta a shekara huɗu, bayan an riga an yi ɓarnar.

Shi kansa zaɓen da ake tinƙaho da shi, ya kamata a dube shi da idon basira. A 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba, mafi ƙaranci tun 1999. Wanda ya yi nasara ya samu ƙuri'a kusan miliyan 8.8 a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Da wannan ƙuri'a ya tsaya a dandalin rantsuwa ranar 29 ga Mayu ya soke tallafin mai da jimla guda, kafin ya naɗa ko minista ɗaya da zai yi shawara da shi. Ana iya kare matakin ta fuskar tattalin arziki, masana da dama sun kare shi. Amma da matasa suka fito a Agustan 2024 suna kukan yunwa, sai ga yara ƙanana a kotun Abuja a watan Nuwamba ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, wasu suna faɗuwa a sume a gaban alƙali. Sai da duniya ta yi ca aka sake su.

In aka sauko ƙaramar hukuma, wadda ita ce gwamnatin da mutumin Jibiya zai iya takawa da ƙafa ya je ƙofarta, abin ya koma wasan yara. A 2015 gwamnatin Katsina ta rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi. Sai a 2021 Kotun Ƙoli ta ce rushewar haramtacciya ce, lokacin da wa'adinsu ya daɗe da shuɗewa. Ihu bayan hari. A zaɓen Fabrairun 2025 jam'iyya mai mulki ta lashe dukkan kujeru 34. Kada wani ya ɗauka ciwon jam'iyya ɗaya ne: a Kano, inda wata jam'iyyar ce ke mulki a lokacin, ita ma ta kwashe 44 cif a Oktoban 2024. Gwamna ne ke naɗa hukumar zaɓen jiha, hukumar kuma ba ta taɓa ba shi kunya. Shugaban ƙaramar hukumar da ya san gidan gwamnati ne ya ba shi kujera, ba rumfar zaɓe ba, ina zai fuskanta in ya tashi gaisuwa?

Sai babbar magana, wadda ta fi shinkafa da fetur. Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora tsaro da walwalar jama'a a matsayin babban dalilin kafa gwamnati, amma sashe na 6 na wannan kundin ya hana kotu sauraron ƙarar wanda aka tauye wa wannan alkawari. An ba ka da dama, an karɓe da hagu. A ƙasar Jibiya an ga ma'anar hakan a zahiri. A 2021 aka rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 har da Jibiya, don a toshe wa 'yan bindiga hanya. Mutumin ƙauye ya rasa yadda zai kira agaji in an shigo masa da dare. A 2022 mutanen Shimfiɗa suka kwaso 'ya'yansu a ƙafa zuwa cikin gari bayan an janye sojojin da ke tsaron su. Dubban 'yan Nijeriya daga Katsina da Zamfara da Sakkwato sun tsallaka jihar Maraɗi neman mafaka. Daga ƙarshe al'ummomin yankin suka zauna da masu bindigar suka yi sulhu don su samu su yi noma. Ban zargi wanda ya yi haka don ya tsira da ransa ba. Amma a ƙauyen da sai ɗan bindiga ya yarda za a shiga gona, shi ne hukuma, kuma ba a taɓa ganin hotonsa a takardar ƙuri'a ba.

Ba a rasa sanin maganin ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan wannan jiha, ya tsaya ranar rantsar da shi a 2007 ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais. Kwamitin ya miƙa rahoto a Disambar 2008, ya ba da shawarar a cire naɗin shugaban hukumar zaɓe daga hannun shugaban ƙasa shi kaɗai, a kuma kafa hukumar hukunta masu maguɗi. Har yau ba a yi ko ɗaya ba. Mun kuma ga abin da ke faruwa a inda kotu ke da haƙora. A Senegal, a Fabrairun 2024, Macky Sall ya ɗage zaɓe. Majalisar tsarin mulki ta ce bai isa ba, jama'a suka tsaya a titi, 'yan jarida suka ƙi yin shiru, aka yi zaɓen a Maris, mutumin da ya fito daga kurkuku kwana goma kafin nan ya lashe. Alƙalan da suka iya cewa a'a, da jaridun da ba su rufe baki ba, su ne suka ceci akwatin Senegal. Inda babu su, akwatin kansa ba ya tsira.

Yanzu ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Katsina, ya ratsa Jibiya ya shiga Maraɗi, aikin da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. In Allah ya sa an gama, jirgi zai riƙa tsayawa a Jibiya ɗauke da siminti da hatsi da fasinja, 'yan takara kuma za su zo su ɗauki hoto a tashar. Har yanzu dai babu dokar da ta wajabta wa shugaban ƙasa ya nemi amincewar Majalisa kafin ya rufe wannan hanya, ko ya faɗi tsawon lokacin rufewar, ko ya biya diyya ga wanda ya karya. Sa hannu ɗaya a Abuja ya isa ya tsayar da jirgin a Magama, kamar yadda ya tsayar da motocin a 2019 da 2023.